Darasin teku a Dala: yadda za a fahimtar da yaran da ba su taɓa ganin teku ba rayuwar wel

Unguwar Dala da ke Ƙaramar Hukumar Jere, a gefen birnin Maiduguri, tana da nisan fiye da kilomita 900 daga gaɓar teku mafi kusa da ita, ko da an ja layi miƙaƙƙe ba tare da bin kwane-kwanen hanya ba. Ruwa mafi girma da yawancin yaran unguwar suka taɓa gani shi ne Kogin Ngadda idan ya kawo da damina. Bayan shi sai Tafkin Chadi, wanda suke jin labarinsa a bakin iyaye da kakanni, musamman waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu na bakin tafkin.

Sai dai wayar salula ta riga malami isa wurin waɗannan yara. A Facebook da TikTok suna ganin wata halitta mai girman tirela tana tsalle daga cikin ruwa, ko tana kwance a bakin teku mutane sun kewaye ta da adduna. Wasu hotunan na gaskiya ne, wasu kuwa kwamfuta ce ta ƙirƙire su. Idan yaro ya tambayi babba a gida ko a makaranta, amsar da ya fi samu ita ce wani ƙaton kifi ne. Wannan amsa ita ce kuskuren farko da ya kamata darasi ya gyara, kuma ana iya gyara shi da abubuwan da ke cikin Dala, ba sai an kai yaro Legas ba.

Batun suna

Hausa ba ta gaji suna na musamman ga wannan dabba ba, haka ma sauran harsunan da suka tashi nesa da teku. Kafafen watsa labarai sukan ce babban kifi, ko kifin wel, daga sunan da Turawan Ingila ke kiran ta da shi. Wasu kan yi kuskuren ce mata giwan ruwa, alhali kuwa giwan ruwa kifi ne na ainihi da masunta ke kamawa a Tafkin Chadi da Kogin Binuwai da Kainji. A nan za a riƙa cewa wel kawai.

Ba a makarantar boko yaro Bahaushe ko Babarbare ya fara jin labarin wannan halitta ba. Ɗaliban Islamiyya da na tsangaya sun san ƙissar Annabi Yunus, kamar yadda yara Kirista suka san ta daga Littafi Mai Tsarki, kuma kalmar Larabci ta hutu da aka ambata a ƙissar ta ƙunshi kifi da manyan halittun teku. Alƙur'ani bai fayyace nau'in halittar ba, saboda haka ba aikin malamin kimiyya ba ne ya yi shaci-faɗi a kai. Akwai kuma labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na rundunar sahabbai kimanin 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, waɗanda yunwa ta galabaitar a bakin teku har suka koma cin ganye, sai teku ta jefo musu wata matacciyar dabba da ake kira anbar. Sun shafe kimanin rabin wata suna ci daga namanta, kuma da aka kafa ƙasusuwan haƙarƙarinta, mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashinsu. Malamin da ya fara darasi daga wannan labari ya samu hankalin aji tun kafin ya ɗauki alli.

Abin da ya raba wel da kifi

Kayan aikin darasin farko bai wuce tarwaɗa ɗaya ko karfasa daga kasuwar kifi ta Baga da ke cikin Maiduguri ba. Idan aka ɗaga murfin da ke gefen kan kifin, yara za su ga wasu jajayen tsokoki masu kama da geza. Da su kifi ke tace iskar oksijin daga cikin ruwa, shi ya sa ba ya buƙatar fitowa sama. Wel ba shi da su. Huhu gare shi irin na mutum da saniya, kuma tilas ne ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska. Idan ya maƙale a cikin komar masunta ya kasa tasowa, nutsewa yake yi ya mutu kamar yadda mutum ke mutuwa a ruwa.

Hancinsa yana bisa tsakiyar kansa, ƙofa ɗaya a wasu nau'o'in, biyu a wasu, kuma yana rufewa ruf idan zai nutse. Feshin da ake gani yana tashi sama a hotuna ba ruwan da ya haɗiya ba ne. Numfashi ne mai ɗumi da ke fita da ƙarfi ya haɗu da iska mai sanyi, daidai da tururin da ke fita daga bakin yaro da asubahin hunturu. A wel mafi girma feshin yakan kai tsayin mita tara.

A ajin da ke da 'ya'yan masunta, ba za a rasa yaron da zai ɗaga hannu ya ce ai gaiwa ma tana shaƙar iska ba, kuma tana kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta zagayo. Yaron ya faɗi gaskiya, kuma tambayarsa ta fi amsar da aka haddace daraja. Gaiwa kifi ce mai wani irin huhu, tarwaɗa ma tana iya daɗewa a waje. Don haka shan iska kaɗai bai isa hujja ba. Hujjar da ba ta da ja ita ce nono. Macen wel tana ɗaukar ciki na kimanin shekara guda, a wasu nau'o'in ma fiye da haka, ta haifi ɗa guda da rai, ta tallafa masa ya hau saman ruwa ya yi numfashin farko, sannan ta shayar da shi watanni. Kowane wel yana da cibiya. Jininsa mai ɗumi ne, kuma wasu nau'o'in suna da 'yan gasusuwa a leɓe. Babu kifin da ke shayarwa.

Nonon kansa abin mamaki ne ga yaran da suka san kindirmo. Kitsen da ke cikin madarar saniya bai wuce kashi huɗu cikin ɗari ba, na wel kuwa yakan kai kashi 35 zuwa 50, mai kauri kamar man shanu, ta yadda ba ya narkewa nan da nan a ruwa kafin ɗan ya haɗiye.

Akwai wata alama da yara za su iya gane wel da ita ko a hoto. Wutsiyar kifi a tsaye take, yana kaɗa ta hagu da dama. Ta wel a kwance take, yana buga ta sama da ƙasa, domin ƙashin bayansa yana lanƙwasawa ne irin na doki mai sukuwa. A cikin fikafikansa na gaba kuma akwai ƙasusuwan kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu, jere kamar na hannun mutum.

Igiya, siminti da kwalekwalen Dufuna

Masana sun ƙidaya nau'o'i kusan 90 a wannan dangi, har da ƙananan da ake kira dolfin. Mafi girmansu shi ne shuɗin wel, wanda ba a san wata dabba da ta fi shi nauyi a tarihin duniya ba. Tsawonsa yakan kusanci mita 30, nauyinsa kuma yakan kai tan 150 ko fiye.

Waɗannan alƙaluma ba sa cewa komai ga yaro ɗan aji huɗu idan a allo kawai aka rubuta su. Gani ya kori ji. A auna igiya mai mita 30, a shimfiɗa ta a filin makaranta, a sa yara su riƙe hannun juna su miƙe a kanta; sai an tara yara ashirin da ɗoriya kafin a kai daga kai zuwa wutsiya. Nauyin kuma a mayar da shi buhunan siminti: tan 150 daidai yake da buhu 3,000 masu kilo 50, wato lodin tirela biyar idan kowace ta ɗauki buhu 600. Zuciyar wani shuɗin wel da aka adana a gidan tarihi na birnin Toronto a Kanada ta kai kilo 180.

Akwai wani ma'auni na gida da ya fi waɗannan daɗi. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da wani kwalekwale da bincike ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000, wanda ya sa ya zama mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Tsawonsa mita takwas da 'yan kai ne. Jaririn shuɗin wel a ranar da aka haife shi yana da tsawon kimanin mita bakwai, wato kaɗan ya rage ya kamo kwalekwalen, kuma nauyinsa ya haura tan biyu. Daga nan yana ƙara kimanin kilo 90 a kowace rana, kusan buhu biyu na siminti, da nonon uwa kawai.

Yadda yake ci, yadda yake nutso

Yara sukan ɗauka dabba mai wannan girma manyan dabbobi take ci. Abincin shuɗin wel wasu 'yan ƙananan halittu ne masu kama da jatan lande, ana kiran su kiril, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ba shi da haƙori ko ɗaya. A maimakonsu akwai ɗaruruwan faifai masu geza da ke rataye a muƙamuƙinsa na sama, an yi su da irin abin da aka yi farce da kofato. Yakan buɗe baki ya kamfaci ruwa mai yawa tare da kiril, ya tura ruwan waje da harshe, abincin ya maƙale a gezar. Duk yarinyar da ta taɓa tace gasara ta san wannan aiki. A kwano mai ruwa a zuba ɗan buntu ko yankakken ganye, a ba yara mataji su ja a ciki, darasi ya zauna. A lokacin da abinci ya wadata, wel ɗaya yana cin tan da dama a yini.

Ɗaya ɓangaren dangin kuwa masu haƙora ne, kuma mafarauta ne. Babbansu shi ne wel mai anbar, wanda daga hanjinsa ake samun anbar ɗin da masu haɗa turare ke saye da tsada. Ƙwaƙwalwarsa ta kai kimanin kilo takwas, ba dabbar da ta fi shi. Yakan nutse fiye da mita 1,000, ya shafe awa guda ba tare da numfashi ba, yana farautar wasu halittu marasa ƙashi masu dogayen hannuwa. Wani ƙaramin nau'i mai tsinin baki ya fi shi: na'urorin da masana suka liƙa wa irinsa sun nuna nutson mita 2,992, wani kuma ya yi minti 222 a ƙasa. Domin kwatanci, matsakaicin zurfin teku kimanin mita 3,700 ne, yayin da yawancin Tafkin Chadi bai wuce zurfin 'yan mitoci ba.

Sirrin wannan juriya ba girman huhu ba ne. Jini da tsokar wel suna adana oksijin fiye da na dabbobin tudu nesa ba kusa ba, abin da ya sa namansa ke da duhu sosai. Idan ya nutse zuciyarsa tana rage bugu, jini ya koma ga ƙwaƙwalwa da sassan da ba sa iya jira. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford da ke Amurka suka ba da rahoton cewa zuciyar wani shuɗin wel ta sauka har zuwa bugu biyu a minti ɗaya lokacin da yake can ƙasa. Yara za su iya ƙirga bugun jijiyar hannunsu su kwatanta. A nan akwai gargaɗin da bai kamata malami ya tsallake ba: kada a bar yara su tafi da tunanin gwada riƙe numfashi a kududdufi ko a kogi, domin jikin mutum ba shi da irin wannan juriya ta wel.

Sanyin ruwa kuma kitse ne ke kare shi, wani bargo mai kauri a ƙarƙashin fata wanda kuma shi ne rumbunsa na lokacin yunwa, kamar tozon raƙumi. Ana iya nuna haka da leda biyu da aka zuba man shanu ko kitse a tsakaninsu, yaro ya sa hannu ɗaya a ciki, ya tsoma hannuwan biyu a ruwan ƙanƙara. Kamannin da raƙumi bai tsaya nan ba, domin wel, duk da yana zaune cikin ruwa, mafi yawan ruwan da jikinsa ke buƙata daga abinci yake samu. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wato kusan ƙaramin cokali shida, kuma ɗanɗanon ɗigo ɗaya na irin wannan haɗi ya isa ya bayyana wa yaro dalili.

A zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, kunne ya fi ido amfani. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska. Masu haƙora suna fitar da ƙara su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane nisan abu da girmansa, kamar yadda ƙananan jemagu ke yi da daddare. Muryar shuɗin wel tana iya kaiwa ɗaruruwan kilomitoci. Mazan wel mai doro kuwa waƙa suke rerawa, mai tsari da maimaici, duk mazan yanki guda suna bin salo ɗaya, salon kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Cin rani a cikin teku

Wel mai doro yana cikin waɗanda ke zuwa kusa da Najeriya. Yana kiwo ne a ruwa mai tsananin sanyi na kudancin duniya, kusa da nahiyar ƙanƙara ta Antatika, inda kiril ke da yawa. Idan sanyi ya tsananta a can, sai ya yi tafiyar dubban kilomitoci zuwa ruwa mai ɗumi domin barbara da haihuwa, kuma ɗaya daga cikin wuraren da yake zuwa shi ne Mashigin Tekun Gini, wato ruwan da ke gaban Gabon, Kamaru, Najeriya, Benin da Togo. Lokacin zuwansa yana farawa ne daga wajajen Yuli zuwa Oktoba. Ke nan a daidai lokacin da gero ke fitar da kai a gonakin da ke bayan Dala, matan wel suna shayarwa a ruwan Najeriya. A tsawon watannin nan da ƙyar suke cin wani abu, kitsen da suka tara ne ke riƙe da uwa da ɗa.

Yaron da ya ga Fulani ko Larabawan Shuwa suna kora shanu kudu da rani su dawo da damina ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan ƙaura. Haka ma zaman garke: matan wel mai anbar suna zama tare shekara da shekaru, idan uwa ta nutse neman abinci sai wasu su tsaya rainon ɗanta.

Wani lokaci teku takan jefo mushen wel a gaɓar Najeriya, kamar yadda aka sha gani a yankin Brass na Jihar Bayelsa, inda jama'a kan yi dafifi su yanki nama. Irin waɗannan hotuna ne ke isa wayoyin Maiduguri. Jami'an lafiya sukan gargaɗi mutane game da cin naman dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba.

Dorina, ayu da tsohuwar gaɓa

A cewar masana kimiyyar halittu, binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dabbar da ta fi kusanci da wel a cikin masu rai a yau ita ce dorina, wadda ake samu a Tafkin Chadi, da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a Jihar Gombe, da Yawuri a Jihar Kebbi. Ita ma tana toshe hanci idan ta nutse, tana kuma shayar da ɗanta a cikin ruwa. Ayu, da masuntan Binuwai da Kwara suka sani tun kaka da kakanni, shi ma dabba ce mai huhu da nono da ba ta barin ruwa, ko da yake masanan sun ce ya fi kusa da giwa a kan wel. Waɗannan biyun sun isa su nuna wa yaro cewa zama cikin ruwa ba shi ke mayar da halitta kifi ba.

Najeriya tana da nata gurbin a tarihin wannan bincike. A yankin Ameki da ke Jihar Abiya a yau an tono muƙamuƙin wani daɗaɗɗen wel, wanda wani masanin gidan tarihin London mai suna Charles Andrews ya bayyana a 1920, ya kuma laƙaba masa sunan Gwamna Lugga. A Masar kuwa, cikin saharar Fayyum, akwai Wadi al-Hitan, wato kwarin su wel, inda ɗaruruwan ƙwarangwal ke kwance a yashi, wasu da 'yan ƙananan ƙafafun baya. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Hoto ɗaya na ƙashin wel a tsakiyar hamada yana koya wa yaro cewa inda yake tudu a yau ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa.

Maiduguri kanta shaida ce. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya mamaye faɗin ƙasa da ya kai murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, kuma dogon tudun yashin da ya bi ta Bama ya ratsa Maiduguri shi ne tsohuwar gaɓarsa. Babu wel a cikinsa, domin ruwan daɗi ne, amma girmansa ya kusanci na wasu tekuna. A 1963 tafkin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa.

Me ya haɗa Dala da teku?

Mai hankali zai iya tambaya ko unguwar da ke fama da cunkoson aji da ƙarancin kujeru tana da lokacin darasin wel. Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin ruwan sama. Iskar damina da ke kawo hadari Borno daga kudu maso yamma take tasowa, ɗauke da danshin Tekun Atlantika. Ruwan da ke shayar da gero da wake, da wanda ya cika madatsar Alau har ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ya raba dubban ɗaruruwan mazauna Maiduguri da gidajensu, yana da nasaba da tekun da wel mai doro ke haihuwa a ciki. Ambaliyar ta kuma hallaka mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, wurin da yaran birnin suka saba zuwa ganin namun daji ido da ido.

Da hunturu kuma sai alaƙar ta juya. Ƙurar da ke rufe sararin Maiduguri, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wato busasshen gindin wancan tsohon tafki. Iska na kwashe ta har tsakiyar Atlantika, inda sinadaran da ke cikinta ke zama taki ga wasu ƙwayoyin tsirrai da ido ba ya gani, masu shawagi a saman ruwa. Waɗannan ƙwayoyi su ne tushen abincin mafi yawan halittun teku, kuma su ke samar da kimanin rabin oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Shi ma wel yana taimakonsu: yakan ci a ƙasa ya yi kashi a sama, kashin kuma taki ne, tamkar yadda manomi ke gayyatar makiyayi ya kwana da shanu a gonarsa.

Tarihin wel kuma darasi ne kan abin da hannun mutum ke iya yi. A ƙarni na 20 jiragen farauta sun kashe wel kusan miliyan uku domin mai da nama, har shuɗin wel ya kusa ƙarewa. Hukumar kula da farautar wel ta duniya, wadda aka kafa a 1946, ta yanke shawarar dakatar da farautar kasuwanci a 1982, dokar ta fara aiki a 1986. Tun daga nan wel mai doro ya farfaɗo sosai a wurare da dama, shuɗin wel kuwa har yanzu ana ƙiyasta bai wuce 25,000 ba a duniya. Norway da Iceland ba su daina farautar gaba ɗaya ba, Japan kuma ta fice daga hukumar a 2019 ta koma farautar kasuwanci. Barazanar yau ta haɗa da karo da manyan jirage, maƙalewa a koma, hayaniyar injuna da ke toshe musu ji, da kuma leda. A watan Maris na 2019 an samu kilo 40 na leda a cikin wani wel da ya mutu a ƙasar Filifin. Mahautan Maiduguri, da suka saba ciro dunƙulen leda daga tumbin awaki da shanu, ba za su yi mamakin wannan ba.

A nan ya kamata malami ya tsaya kan gaskiya. Ledar da aka jefar a Dala ba ta isa teku, domin ruwan Maiduguri yana gangarawa ne zuwa kwarin Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Illarta a gida take tsayawa: toshe magudanun ruwa da kashe dabbobi. Amma a kudancin jihar labarin daban ne, inda Kogin Hawul ke zuba a Gongola, Gongola ta haɗu da Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan sai Atlantika. Bin wannan hanya da yatsa a kan taswira darasin labarin ƙasa ne cikakke.

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma a watan Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da tattalin arzikinsa. Cibiyar binciken teku ta ƙasa tana Legas tun 1975, Jihar Borno kuma tana da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kiwon Kifi ta Baga da Jami'ar Maiduguri. Ayyukan da waɗannan wurare ke buɗewa na duk ɗan ƙasa ne, amma da wuya yaro ya nemi fannin da bai taɓa jin sunansa ba.

Babban cikas ba kuɗi ba ne, tunda igiya da mataji da kifi ɗaya ba su fi ƙarfin makaranta ba. Cikas ɗin harshe ne da shirin malami. Littattafan kimiyya na firamare da Turanci suke, yaran Dala kuwa da Kanuri ko Hausa ko Larabcin Shuwa suke tunani, kuma kalma irin ta dabba mai shayarwa tana shiga kai nan take idan an faɗe ta da harshen gida. Shi kansa malamin, a mafi yawan lokuta, bai taɓa ganin teku ba, saboda haka yana buƙatar gajeren bayani ingantacce a hannunsa kafin ya shiga aji. Ranar Teku ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 8 ga Yuni, tana faɗowa ne a daidai lokacin da ake jiran ruwan farko a Maiduguri, kuma makarantu suna cikin zangon karatu na uku.